Tambaya da Amsa: Ina So In Mallaki Hoton Shirin Neshat, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya

 Malam, ni malamar makaranta ce a Kaduna, kuma na daɗe ina bibiyar wannan fili naka. Bara na raka yayata Dubai sarin kaya, muka leƙa wani gidan baje kolin hotuna, na ga hoton wata mata cikin baƙin lulluɓi, fuskarta cike da rubutu mai kama da ajami. Na daɗe a tsaye a gabansa. Aka ce mini aikin wata 'yar Iran ce, Shirin Neshat. Tun daga ranar nake neman labarin ayyukanta, har na fara tara kuɗi don in mallaki ɗaya. Yanzu wani dillali ya tuntuɓe ni ta intanet, ya ce yana da kwafi mai lamba 37/250, kuɗinsa bai kai rabin abin da nake gani a wasu wurare ba, amma sai in biya cikin mako guda. Tambayoyina uku ne. Me wannan lambar take nufi, kuma yaya zan gane na gaske? Yayata ta ce gara in sayi gwal in ajiye. Shin hoto yana riƙe daraja kamar gwal? Sannan maigidana ya tambaye ni ko rubutun da ke fuskar matar ayoyin Alƙur'ani ne, na rasa amsar da zan ba shi. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatu, daga Kaduna.

Amsa

 Malama, na gode da wannan wasiƙa. Zan fara da tambayar maigida, ko da yake ita kika sa a ƙarshe, domin ita ce tushen sauran. Wanda zai rataya abu a bangon ɗakinsa shekara da shekaru ya kamata ya san abin da yake cewa kafin ya san kuɗinsa.

Rubutun ba ayoyin Alƙur'ani ba ne, ba ma Larabci ba ne. Farisanci ne, harshen mutanen Iran, wanda ake rubutawa da haruffan Larabci tare da ƙarin wasu huɗu da Larabci ba shi da su. Akasarin abin da Neshat ta rubuta a waɗannan hotuna waƙoƙi ne na mata marubutan Iran na zamani. Biyu daga cikinsu sun fi fitowa. Ta farko ita ce Forough Farrokhzad, wadda ta rasu a haɗarin mota a 1967 tana da shekara 32, kuma ta yi suna wajen faɗin abin da ke zuciyar mace, na so da kaɗaici da ƙuncin aure, a lokacin da ba a saba jin mace tana faɗin haka a fili ba. Ta biyu ita ce Tahereh Saffarzadeh, wadda ta goyi bayan juyin juya halin 1979, ta kuma fassara Alƙur'ani zuwa Farisanci da Turanci. Kin ga mata biyu ne masu hanya daban, kuma da gangan Neshat ta haɗa muryoyinsu a jerin hotuna guda. Saboda haka idan kin tashi saye, ki nemi a gaya miki waƙar wa ke kan hoton, ki nemi fassararta ki karanta tare da maigida. Batun rataya hoton mutum a gida kuwa, malamai sun yi saɓani a kansa. Wannan ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa.

Wace ce ita, kuma me take nema ta faɗa?

An haifi Shirin Neshat a garin Kazwin na Iran a 1957. Mahaifinta likita ne, ya tura ta Amurka karatu tana 'yar shekara 17, ta yi karatun zane a jami'ar Berkeley da ke Kaliforniya. Tana can aka hamɓarar da Shah, wato sarkin Iran, aka shiga yaƙin Iran da Iraƙi wanda ya ci daga 1980 zuwa 1988. Ba ta sake taka ƙasarsu ba sai 1990, shekara guda bayan rasuwar Khomeini, jagoran juyin juya halin. Ta tarar da ƙasar da ta bari ta sauya kama: tufafin mata, hotunan shahidai a bangon tituna, har salon maganar mutane. Daga wannan girgiza ne jerin hotunan da ake kira Women of Allah, wato mata bayin Allah, ya fito tsakanin 1993 da 1997. Mai yiwuwa ɗaya daga cikinsu kika gani.

Kafin a fahimci hotunan sai an san cewa a Iran lulluɓin mace ya daɗe da zama fagen rikicin masu mulki. A 1936 Reza Shah, sarkin Iran na wancan lokaci, ya hana sa shi da ƙarfin hukuma, 'yan sanda suna cire wa mata mayafi a titi, har wasu suka gwammace su daina fita. Bayan juyin juya hali aka juya akalar, zuwa 1983 doka ta wajabta shi tare da hukunci ga wadda ta ƙi. A duka biyun, wasu ne suka yanke wa mace shawara a kan jikinta. Rasuwar Mahsa Amini, matashiyar da aka kama kan batun lulluɓi, a hannun 'yan sandan ɗa'a a watan Satumbar 2022, da zanga-zangar da ta biyo baya, sun nuna cewa maganar ba ta kwanta ba.

A hotunan Neshat abin da lulluɓi ya bari a waje shi ne ke ɗauke da rubutu: fuska, ido, tafin hannu, tafin ƙafa. A hoton da ake kira Rebellious Silence na 1994, bakin bindiga ya raba fuskar matar gida biyu tana kallon mai kallonta ido cikin ido. A Speechless na 1996, bakin bindigar ya leƙo ta gefen kunne inda ɗan kunne ya kamata ya kasance. Ba a ce miki ga azzalumi ga wanda aka zalunta ba. Matar tana iya zama mai imani da ta zaɓi ta ba da ranta, tana iya zama wadda aka yi amfani da ita, tana iya zama duka biyun. Tambayar da hoton ke yi ita ce wa ke yanke abin da ake nufi da zama mace: ita kanta, ko hukuma, ko malamai, ko baƙon da ke kallonta daga Turai yana ganin ya riga ya san labarinta?

Daga baya ta koma bidiyo, ta faɗaɗa tambayar ta haɗa da namiji. A Turbulent na 1998, allo biyu ne suke fuskantar juna. A ɗaya namiji yana waƙa gaban zaure cike da maza, a ɗayan mawaƙiya Sussan Deyhim tana fitar da murya marar kalmomi gaban kujeru da babu kowa a kai, domin bayan 1979 an hana mace rera waƙa ita kaɗai a gaban maza. Wannan aiki ya kawo mata lambar yabo a babban baje kolin Venice na 1999. Rapture, wanda ta ɗauka a Maroko ya fito a 1999, ya sa maza cikin ganuwa, mata a fili da bakin teku. Fim ɗinta Women Without Men, daga littafin Shahrnush Parsipur, ya ci kyautar darakta a bikin fina-finai na Venice a 2009. Na kawo waɗannan ne domin hotuna da yawa da ake sayarwa da sunanta daga cikin waɗannan bidiyoyi aka ciro su.

Ki sani kuma ba kowa ke yaba ta ba. Akwai masu sharhi, har da 'yan Iran, da ke cewa mace da lulluɓi da bindiga da rubutun da Bature ba ya iya karantawa, shi ne ainihin abin da kasuwar Turai ke son gani daga ƙasar Musulmi, kuma wadda rabonta da Iran tun 1996 ba za ta yi magana da yawun matan da ke can ba. Ita ma ta sha bayyana cewa aikinta kallon mai zaman gudun hijira ne. Ni ina ganin hotunan sun fi ƙarfin wannan suka, amma ya kamata ki ji ta. Ke da kika san lulluɓi daga ciki za ki ga abin da mai saye a Landan ba zai gani ba.

Ma'anar lambar da ke kan hoton

Zanen fenti guda ɗaya ne a duniya. Hoto kuwa ana iya wanke shi sau dubu. Don haka mai aikin kan yi alkawari cewa daga wannan hoto, a wannan girma, kwafi kaza kawai za a fitar, ba za a ƙara ba. Lambar 37/250 tana nufin kwafi na 37 cikin 250. Na 37 bai fi na 200 kyau ba, bai kuma gaza na 1 ba. Lambar ƙasa ita ce abin dubawa, domin ita ke nuna yawan abokan tarayyarki.

Akwai abubuwa uku da dillalai ba su cika bayyanawa ba. Na farko, bayan adadin da aka rubuta akwai 'yan kwafi da mai aikin ke ware wa kanta, ana sa musu haruffan A.P. Halal ne a wannan sana'a, amma ya kamata a gaya miki nawa ne. Na biyu, hoto ɗaya yana iya fitowa a girma biyu ko uku, kowane da nasa adadi. Manyan hotunan Neshat sukan fito ne a adadi kaɗan, kamar 5 ko 10, akwai kuma ƙananan da aka buga har 250. Idan kin ga an sayar da wani da kuɗi mai yawa a gwanjo, ki duba girmansa da adadinsa kafin ki kwatanta da wanda aka yi miki tayi. Na uku ya shafi aikinta musamman. Rubutun ba a fatar matar aka yi shi ba. A kan takardar hoton ta bi da tawada. To, akwai kwafin da tawadar take kansa da hannu, akwai kuma wanda rubutun ya riga ya shiga cikin bugun. Tazarar kuɗinsu tana da faɗi. Ki tambaya ƙarara: tawadar hannu ce a kan wannan takarda, ko bugu ne?

Wani abin da zai taimake ki: a yawancin hotunan Women of Allah ba ita ta danna kyamara ba, domin sau da yawa ita ce a cikin hoton. Ita ta tsara, wasu suka ɗauka, irin su Cynthia Preston da Larry Barns, kuma gidajen tarihi sukan ambaci sunayensu a bayanin aikin. Dillalin da ya san kayansa zai san wannan.

Yadda ake tantance na gaske

Sa hannu shi kaɗai ba hujja ba ne, shi ne ma abin da ya fi sauƙin kwaikwayo. Abin da ke tsayar da hoto shi ne tarihin hannuwan da ya bi: daga wane gidan baje koli ya fito, wa ya fara saye, a wace shekara, da wane rasit. Ki nemi a turo miki hoton bayan takardar ba tare da firam ba, domin a nan aka fi samun sa hannu da sunan aikin da shekara da lamba. Ki nemi awon faɗi da tsawo da santimita, da nau'in takardar. Sannan ki shiga shafukan manyan gidajen gwanjo irin su Christie's da Sotheby's da Phillips da Bonhams, waɗanda ke barin bayanan cinikin baya a buɗe kyauta, ki gwada waɗannan bayanai da na wani kwafi na hoton da aka taɓa sayarwa. Idan girma ko adadi ya saɓa, magana ta ƙare.

Mataki na gaba shi ne ki rubuta wa gidajen da ke wakiltarta. Gladstone Gallery a New York ya daɗe yana aiki da ita, haka ma Goodman Gallery mai tushe a Johannesburg ta Afirka ta Kudu. Ki tura musu hotunan gaba da baya, ki tambaye su ko bayanan sun dace da abin da ke rajistarsu, ki kuma tambaye su abin da suke da shi daidai ƙarfinki. Kada ki ji nauyin yin haka don kina ganin ke ƙaramar mai saye ce.

Game da dillalinki, ba zan yanke masa hukunci ba tunda ban san shi ba. Amma alamu uku sun haɗu a kansa: shi ya neme ki, farashinsa ya faɗi ƙasa da rabi, kuma ya sa miki wa'adi. Araha ba ta ado. Wanda ke riƙe da hoton gaske yana da hanyar kai shi gwanjo ya sami kuɗin kasuwa, ba shi da dalilin karya shi ga wadda bai taɓa gani ba. Ki nemi takardun da na lissafa. Idan ya kawo uzuri, ko ya ce wani na jira zai ɗauke, ki bar masa kayansa.

Maganar yaya da gwal

A nan yayarki tana da gaskiya mai yawa, kuma ban so ki raina ta. Gwal yana da farashin da duniya ta sani kowace rana. Ki kai shi kasuwa da safe, ki dawo da kuɗi kafin azahar. Hoto sai an sami mai so. Kasuwar ayyukan masu fasahar Iran ta yi tashin gwauron zabi bayan Christie's ya fara gwanjo a Dubai a 2006, har wani babban hoton Neshat ya haura dala 200,000 a 2008. Da tattalin arzikin duniya ya karye a ƙarshen waccan shekara, farashi ya sauka, waɗanda suka saya don riba suka ji a jikinsu. Kwafin da ke da 'yan'uwa 249 kuwa, kusan kullum akwai wani a kasuwa, don haka tashinsa a hankali ne, in ma ya tashi.

Ki lissafa abin da ke biyo bayan farashi. Manyan gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye la'adar da ta haura kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin da aka buga guduma. Ga kuɗin ɗauri da jigila, ga inshora, ga kwastan, ga canjin dala, ga firam. Ranar da za ki sayar, za a sake cire la'ada daga hannunki. Don haka kuɗin makarantar yara ko na rashin lafiya ba na sayen hoto ba ne. Ki saya da kuɗin da in bai dawo ba ba za ki shiga wani hali ba, kuma ki sayi hoton da za ki ci gaba da so ko da kasuwa ta juya masa baya.

Idan kuɗin bai kai ba, akwai wasu mata 'yan Iran da ke aiki a kan wannan batu daga cikin ƙasar. Shadi Ghadirian, haifaffiyar Tehran a 1974, ta yi jerin Qajar a 1998, inda mata ke sanye da tufafin ƙarni na 19 amma suna riƙe da gwangwanin Pepsi ko rediyo ko keke. A jerinta na Like Every Day an lulluɓe mace ruf, a gurbin fuskarta aka sa dutsen guga ko tsintsiya ko butar shayi. Newsha Tavakolian ta yi jerin Listen a kan mawaƙan mata da aka hana rera waƙa. Sai dai saboda takunkumin da aka ƙaƙaba wa Iran, tura kuɗi kai tsaye zuwa can yana da wuya; ki bi ta gidajen baje koli na waje da ke wakiltarsu, ki kuma tuntuɓi bankinki tun kafin ki yi alkawari.

Idan hoton ya iso Kaduna

Wannan ɓangaren ne masu saye a ƙasarmu suka fi sakaci da shi. Gidajen tarihi suna ajiye hotuna a sanyin da ke kusa da digiri 20, da danshin da bai wuce rabi ba, kuma ba ya hawa da sauka. Mu kuwa muna da zafin bazara, da danshin damina mai kawo fumfuna, da bushewar hunturu da ƙurarsa, ga gara, ga ɗaukewar wuta. Sauyin nan daga danshi zuwa bushewa shi ke sa takarda lanƙwasa. Hoton baƙi da fari da aka wanke da sinadarin azurfa ya fi juriya. Mai launi yana koɗewa da haske da zafi, kuma in ya koɗe ba ya dawowa.

Ki zaɓi bangon ciki wanda rana ba ta dukansa, nesa da kicin da banɗaki da hayaƙin turaren wuta. Kada fuskar hoton ta taɓa gilashi; a sa kwali marar asid a tsakani, gilashin kuma ya zama mai tare hasken da ke cinye launi. Kada a bari mai firam ya manna shi da gam ko salatif, ko ya rage gefensa don ya shiga firam, domin wannan kaɗai yana karya darajarsa. In da hali, a yi firam ɗin tun daga inda kika saya. A bar 'yar tazara tsakaninsa da bango don iska ta ratsa, a riƙa duba bayansa kowace damina. Rasit da takardar shaida da wasiƙun da kuka yi musaya, ki adana su wuri guda, ki ɗauki hotonsu, ki sanar da magada inda suke.

Shawarata a dunƙule ita ce ki jinkirta. Ki fara da sayen littafin ayyukanta, kamar wanda aka fitar lokacin baje kolinta a gidan tarihin The Broad na Los Angeles a 2019, ki zauna da shi wata biyu ko uku har ki san wane hoto ne ba ya sakin ki. Ki bibiyi gwanjo biyu ko uku ba tare da kin taya ba, don idonki ya saba da farashi. In kin sami dama ki je ART X Lagos ko LagosPhoto, ki ga yadda ake cinikin hotuna masu lamba, ki yi tambayoyi fuska da fuska. A yau kuwa, ki rubuta wa dillalin ki nemi abu biyar: hoton bayan takardar, awonta, nau'in bugun, rasit ɗin farko, da izinin ki tura wa gidan da ke wakiltar mai aikin ya duba. Amsar da zai ba ki ita za ta gaya miki ko ciniki ne ko a'a. Ki gaida maigida da yaya. Allah ya sa ki dace da na ƙwarai.